Bashin Kawu a Katsinar Maraɗi

Makonni kaɗan bayan ƙaramar sallar 2024, kawuna ya aika a kira ni. Na same shi a rumfarsa ta Kasuwar Sabon Gari a Kano, tsakanin tulin bokitai da butoci da takalman roba, yana fifita da murfin kwali. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ka nemo littafi da biro. Gobe da asuba za ka raka ni Maraɗi, akwai lissafin da nake so a rubuta."

Na san lissafin, don babu wanda bai san shi ba a gidanmu. A watan Yulin 2023 Kawu ya loda wa wani abokin cinikinsa na Maraɗi mota guda ta kayan roba, bashi, kamar yadda suka saba shekara da shekaru. Kaya suka sauka lafiya. Ba a yi kwanaki ba, ran 26 ga wata, sojoji suka karɓe mulki a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka. Wata bakwai da 'yan kai ƙofa na garƙame, naira kuma na ta zubewa kamar ganyen kaka. Shaidar bashin kaf ita ce layi ɗaya da Kawu ya rubuta da ajami a bayan wata tsohuwar kalanda. Matan gida sun daɗe da yi wa kuɗin sallar gawa. Shi kuwa duk wanda ya tayar masa da maganar, amsarsa ɗaya ce: "Ai Maraɗi ce." Na bi shi ne don in gane abin da yake nufi da haka.

Mun yi sallar asuba a tasha, hantsi ya same mu a Katsina, muka sauya mota zuwa Jibiya. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai fi kilomita 90 ba, amma tafiyar ba a auna ta da kilomita, da shingaye ake aunawa. Kafin mota ta ɗauki wuta sai a ga ganga da katako mai ƙusoshi, masu kaki iri-iri, kowa da nasa launin. Direba ya leƙa, a gaisa, a wuce. Fasinjoji ba sa yawan magana a wannan hanya, don kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan da ke dama da hagu. Can gefe muka hango inda ake tara ƙasa domin layin dogon da zai tashi daga Kano ya bi ta Daura da Katsina da Jibiya ya tsaya a Maraɗi, kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Wani dattijo a kujerar gaba ya dube shi ya ce, "Allah Ya nuna mana," da irin muryar wanda ya sha jin alkawari.

A Magama muka sauka, muka taka da ƙafa. Ban ga kogi ba, ban ga dutse ba, ban ga wani abin da zai ce maka nan ƙasa ta ƙare wata ta fara. Gawo ɗaya ne, rairayi ɗaya, jakuna ɗaya. Tuta ce ta sauya, sai kakin jandarma, sai allunan da suka koma Faransanci. A Ɗan Isa aka duba takardunmu, daga nan hanya ta miƙe, ƙasa da sa'a guda muka shiga gari.

Kunyata ta farko wajen mai shayi na sha ta. Na sha kofi ɗaya da ɓarin dogon burodin nan mai ƙarfin ɓawo, na tambayi kuɗi, ya ce, "Dala talatin." Na ajiye kofin a hankali. Dala talatin ta Amurka a kan shayi? Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki. A Nijar ba a ƙirga sefa ɗaya-ɗaya, biyar-biyar ake ƙirgawa, kowace biyar sunanta dala. Dala ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari 500, in ta kai 1,000 sai a ce jika. Mai shayi 150 yake nema. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana wannan lissafi a ka kafin ka ƙifta ido, ni mai digiri ina ninkawa da biyar a tafin hannu. Daga ranar na kasa kunne. Hausar ita ce tamu, ta Katsinawan da, mai "tahiya" da "lahiya" da "munka zo", amma inda mu muka aro daga Ingilishi su daga Faransanci suka aro. Makarantar boko lakwal ce, malaminta mushe, babbar mota kamiyo, kwastan duwan, wutar lantarki kuran. Ɗan acaɓa kuwa kabu-kabu.

Kawu bai ba mai adaidaita sunan titi ko lambar gida ba. Sunan Alhaji, abokin cinikin nasa, kawai ya faɗa, da abin da yake sayarwa. Yaron ya ce, "Na gida ko na kasuwa?" Ya kai mu har ƙofar zaure, a hanya kuma ya ba mu labarin cewa Alhaji ya aurar da 'ya bayan azumi, ɗansa na biyu ya dawo daga Kwatano. A Kano sai ka yi shekara goma kuna sallah sahu ɗaya da mutum ba ka san sana'arsa ba. Ƙidayar 2012 ta ba Maraɗi mutum dubu 267 da 'yan kai, ta ƙaru sosai tun daga lokacin, kuma tana cikin manyan biranen Nijar uku, ita da Yamai da Damagaram. Duk da haka ba ta kai girman da mutum zai ɓace a cikinta ba. Ta wuce ƙauye, don akwai bankuna, da jami'a tun 2010 mai ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, da filin jirgin sama, da 'yan kasuwar da ke odar kaya daga Dubai da Sin. Amma in ka ci amanar wani da safe a bakin kasuwa, kafin la'asar an ji a Zariya da Sabon Gari da Mokoyo, ba na Nijeriya ba, unguwannin Maraɗi.

Alhaji ya fito da kansa, dogo, siriri, da farar riga wadda ta sha wanki har ta yi laushi. In ka gan shi a hanya ba za ka ce yana da sito uku ba. Suka rungume juna da Kawu, aka shiga gaisuwa wadda ba ta da ranar ƙarewa: gida, iyali, gajiya, zafi, kasuwa, waɗanda suka rasu tun rabuwa. Ya dube ni ya ce, "Wanga ɗan wa ne?" Da aka faɗa masa sunan mahaifiyata sai ya ce ya ci tuwonta shekara ashirin da suka wuce, don haka ni ɗansa ne. Aka kawo fura da nono a ƙwarya mai sanyi, aka share mana ɗakin baƙi da ke jikin zaure. Na zaro littafina ina jiran a fara lissafi. Kawu ya harare ni, na mayar da shi aljihu. Kwana biyu cur babu wanda ya ambaci kuɗi.

Tunda ba aiki, sai na shiga gari. Wani ɗan Alhaji, sa'ana, ya ɗauke ni a babur zuwa ƙofar fada. Sarautar nan har gobe sunanta Sarkin Katsina, kuma ba da wasa ake faɗa ba. Lokacin da mutanen Shehu ƙarƙashin Ummarun Dallaje suka ci birnin Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya fice arewa. Bayan shekaru ana gudun hijira, Ɗankasawa ya kafa zama a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa tasu fadar a Tsibiri, nan kusa. Daga nan suka yi ta kai wa Katsina hari shekara da shekaru, musamman zamanin Ɗan Baskore. Wato tun kafin Ingila da Faransa su zauna su ja layi a takarda, akwai wata iyaka a nan, ta mashi da kibiya, kuma tun a wancan zamani fatake na ratsa ta. Mutanen garin nan sun gaji zama a bakin iyaka kamar yadda masunta suka gaji zama a bakin ruwa.

Daga bayan fada ƙasa ta gangara zuwa fadamar Gulbin Maraɗi, kogin da ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya, ya shiga Nijar, ya yi kwana ya koma Nijeriya ya faɗa Rima. Ko shi bai san da iyaka ba. A cikin wannan kwari tsohon garin yake, har ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka hau da mutane kan tudu aka yanka musu filaye. Shi ya sa titunan tsakiyar gari suke a miƙe kamar an ja su da zare. Mun sauka fadamar da yamma. Gulbin ya ƙafe, sai rairayi, amma lambuna kore shar, mangwaro ya nuna har yana faɗowa, injinan ban ruwa na ta tari. Daga irin waɗannan lambuna, da na Jiratawa a kudu da gari, zogalen da ake kwaɗawa a kowace kusurwa yake fitowa.

A daren nan na tambayi Alhaji yadda aka yi garin da ba shi da teku, ba shi da ma'adini, ya zama cibiyar kasuwancin ƙasa guda. Ya ce in fara da gyaɗa. Zamanin Faransawa kamfanonin Turawa sun buɗe wuraren awo a nan, su ba 'yan gari kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo musu. Waɗannan yaran Turawa su ne kakannin manyan 'yan kasuwar yau. Bayan 'yancin kai gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 ta riƙe cinikin, amma har ila yau ta hannun 'yan gari ake saye. Sai farin 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya suka karya gyaɗa. Kafin nan kuwa wata ƙofa ta riga ta buɗe. Yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya hargitsa hanyoyin kudu, Arewa na neman kaya, 'yan Maraɗi suka shiga tsakani. Daga nan suka ƙware a sana'ar da ta yi musu suna: a sauke kaya a tashar ruwan Kwatano, a hau da su Maraɗi da takardun wucewa, a juya su kudu zuwa Katsina da Kano. Taba sigari, atamfa, daga baya shinkafa 'yar waje da gwanjo. Duk abin da Nijeriya ta hana shigowa da shi ko ta tsawwala wa haraji, Maraɗi ta san hanyarsa. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kan Alhazan Maraɗi a 1986.

Alhaji bai yi ƙoƙarin wanke wannan tarihi ba, bai kuma yi alfahari da shi ba. Abin da ya fi so in gane shi ne yadda mutum ke tashi. Shi da kansa bara ne a da, wato yaron wani attajiri. Shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar buta, yana kwana a kan kaya, yana rakiyar mota, babu albashi, sai ci da sutura da ɗan abin sallah. Ubangidan ne ya yi masa aure. Ranar da ya ga ya isa, sai ya ba shi kaya bashi ya ce je ka gwada, ya kuma kira abokansa na Kano ya ce wannan yarona ne. Wannan kalma ita ce jarin. "Ɗana," in ji shi, "kuɗɗi suna zuwa suna tahiya. Arzikin mutane shi ne arziki." Yanzu shi ma yana da barori fiye da goma, wasu a kasuwa, wasu a ƙauyuka, wasu a kan hanya.

Ran Juma'a, ɗaya daga ranaku biyu da kasuwar Maraɗi ke cika, ɗayar Litinin, na zauna a bakin sitonsa tun safe don in ga abin da idona. Wani saurayi ya zo da amalanken jaki daga wani ƙauye na wajen Gidan Rumji. Ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya zaro ƙullin leda daga aljihun ciki ya ajiye. Alhaji bai ƙirga ba, ya tura wa yaron sito. Aka loda wa saurayin bokiti dozin huɗu, buta dozin shida, da buhun takalma. Babu rasit, babu sa hannu. Na tambaya a hankali, in ya gudu fa? Yaron sito ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya gudu ina? Alhaji ya san ubansa, ya san surukinsa, ya san limamin garinsu. In ya ci wannan kaya, babu mai sake ba shi ko allura daga nan har Tasawa, ƙannensa ma sai sun sha wuyar samun mai yarda da su. Wanda zai gudu da dozin huɗu na bokiti ya bar duk wannan, ai ba ɓarawo ba ne, mahaukaci ne.

Na zaga cikin kasuwa. Rabin abin da ke kan tebura na san inda aka yi shi: robobin Kano, taliya, omo, siminti, maganin sauro. Abin da ke tafiya kudu kuma yana jibge a buhuna, wake da riɗi da aya mai yawa daga wajen Cadawa da Agye, wadda za ta ƙare a kasuwar Dawanau ta Kano, daga can ta zama kunun aya a Kaduna da Abuja. A kasuwar dabbobi na ga jar akuyar Maraɗi, gajera, mai sheƙi kamar an shafa mata man gyaɗa, 'yar'uwar jar akuyar Sakkwato. Tana yawan haifar tagwaye, fatarta kuma tun zamanin ayari ake kai ta arewa, Turawa su saye ta da sunan fatar Maroko. Yau galibi majemun Kano take nufa. A ƙauyukan nan akuya ita ce bankin mace.

Sai layin 'yan canji, inda zuciyar garin ke bugawa. Mutum na zaune a kan benci, daurin naira a dama, sefa a hagu, waya biyu a cinya. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 ba ta motsi, naira kuwa kullum da sabon farashi. Shekara goma kafin wannan tafiya jika ɗaya ba ta kai naira 400 ba. Ranar da nake tsaye a wurin ta haura 2,000. Ɗan kasuwar Maraɗi yana sayen kaya da kuɗi ɗaya ya sayar da wani, don haka kafin ya karya kumallo sai ya ji yadda naira ta kwana. Ta hannun waɗannan mutane kuma kuɗi ke ƙetare iyaka ba tare da sun motsa ba. Ka ba da sefa a nan, a buga waya, wani ya miƙa wa ɗan'uwanka naira a Wapa ta Kano kafin ka gama shan ruwa.

Akwai wata kasuwar da ba a gani daga titi. Da yamma aka ce in shiga in gaida Hajiya, uwargidan Alhaji, tunda an ce ni ɗa ne. Na tarar da tsakar gida kamar masana'anta. Mata huɗu na matsar tunkuza, ƙuli-ƙuli na soyuwa, an jera jarkokin man gyaɗa a inuwa. Hajiya ba ta zuwa kasuwa, amma tana da masu saye har Agadas, tana riƙe da adashin mata talatin, ta kuma san farashin tiyar gyaɗa a kasuwannin ƙauye uku na wannan mako. "Inna, ina kike rubuta duk wannan?" na tambaye ta. Ta nuna kanta da ɗan yatsa. Sai dai na lura da wa ke fita da kayan: 'yan mata ƙanana da faranti a ka, a lokacin da ya kamata a ce suna lakwal. Wannan ma yana cikin lissafin garin, ko da ba a son faɗa.

Zaman Maraɗi yana da daɗin da ɗan Kano ya manta da shi. Daga kowace unguwa minti goma sha biyar ya kai ka kasuwa. Mutum na rufe shago ya je gida ya ci abincin rana ya dawo. Babu cunkoson da zai cinye maka rabin yini. In aka yi rasuwa, kafin a gama wanka gari ya hallara. Amma bazara ba ta da wasa, kuma wutar da garin ke sha ta layin Katsina take zuwa, ta bi ta Gazawa. Da aka yanke ta a 2023, masu ƙanƙara da masu walda da teloli da masu injin niƙa su suka fara ji a jikinsu. Ta dawo, amma a kwanakin da na yi ana ɗaukewa ana kawowa, mu kan fito da tabarmi waje mu kwana muna kallon taurari.

A irin wannan dare ɗan Alhaji ya kai ni fadarsu. Abin da muke kira majalisa su fada suke cewa: benci biyu a bakin titi, ɗan murhun gawayi, butar shayi, samari goma. Ana zuba shayin daga sama har ya yi kumfa, zagaye uku, na farko ɗaci kamar maɗaci. Sun yi gardamar kokawa, don nan garin Kantu ne, wanda ya ɗauki takobin ƙasa na farko a 1975, filin kokawar garin ma sunansa yake ɗauke da shi. Da dare ya yi nisa hira ta juya. Wani da ya gama jami'a shekara uku da suka wuce, yanzu yana kabu-kabu da babur ɗin haya, ya ce mini in daina yabon abin da ban sani ba. Shi ubansa manomi ne daga ƙauye, ba shi da ubangida, babu mai cewa wannan yarona ne. Banki na neman takardar fili, Alhazai na neman wanda suka san kakansa. Ya ce garin da kowa ya san kowa, ai kowa ya san kai ba kowa ba ne. In ka faɗi sau ɗaya, ko ba laifinka ba, labarin na bin ka har wurin neman aure. Abokansa biyu sun tafi Aljeriya, ɗaya Libiya. Babu wanda ya musa masa, har ɗan Alhaji. Na kwanta ina juya maganar. Igiyar da ke riƙe da saurayin mai amalanke ita ce ta shinge wannan a waje.

Ran Asabar bayan sallar isha'i, Alhaji ya sallami kowa daga zaure, ya ce wa Kawu, "To, a kira mai littafi." Aka kunna fitila mai caji. Ya fara da ba da labarin watannin rufe iyaka. Sun taɓa gani a 2019, lokacin da Nijeriya ta rufe daga Agusta har Disamban 2020, amma wannan ya fi tsanani, don har hanyar Kwatano ta toshe, kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja. Kuɗi suka ƙafe a hannun mutane. Mai neman abin da zai ci ba ya sayen bokiti. Kayan Kawu sun yi wata huɗu a sito kafin su fara motsi. Barorinsa na ƙauye uku sun kasa biya, bai kore su ba, don in ya kore su wa zai sayar masa in gari ya waye? Duk Juma'a yana kiran Kawu su gaisa. Sau ɗaya ya ce zai turo wani abu ta hannun 'yan canji, Kawu ya ce a bari sai an haɗu.

Sannan ya jawo jaka daga ƙarƙashin buzu. Ya ce in karanta abin da ke bayan kalanda, na karanta. Ya ƙirga naira daidai da abin da aka rubuta, ya tura gaban Kawu. A nan ne gabana ya faɗi, don na yi lissafin tun a mota. Ranar da aka ɗauki kayan, jika ba ta kai naira 1,500 ba. Yau ta haura 2,000. Alhaji da sefa ya sayar, don haka zai iya biyan bashin nan cif ya kuma tsira da kusan sulusin kuɗin a aljihu, ba tare da ya karya alkawari ko ɗaya ba. Kawu kuwa abin da aka ba shi ba zai sake cika masa mota ba. Kuma ba zai buɗe baki ya nemi ƙari ba, don naira ya bayar, naira aka rubuta, neman ƙari a kan bashi kuwa kowa ya san sunansa a addini.

Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah Ya sa albarka," ya fara tattarawa. Alhaji ya ɗaga hannu. Ya sake zaro wani dauri, wannan karon sefa, ya ajiye a gefe daban. "Wancan bashi ne, na biya. Wanga ba bashi ba ne. Kayanka sunka kawo shi, ba wayona ba."

Kawu ya ture. Alhaji ya dawo da shi. Kawu ya rantse ba zai ɗauka ba, ya ce hasarar naira tasa ce, ba Alhaji ya karya ta ba. Alhaji ya ce in ya ci wannan kuɗi, da wane ido zai kalli yaransa gobe in ya ce su riƙe amana? Suka yi ta turawa kamar masu faɗa, murya na tashi, har na ji motsin Hajiya a bayan ƙofa. Ban taɓa ganin mutum biyu na rigima kowa na son a cuce shi ba sai ranar. Daga ƙarshe Kawu ya raba daurin biyu. Ya ɗauki rabi. Sauran ya ce Alhaji ya sayi aya da shi in sabuwa ta fito, a turo Dawanau, abin da Allah Ya bayar a raba. Alhaji ya ce ya yarda, da sharaɗin a loda masa wata motar robar kafin damina ta sauka, bashi.

Na rubuta duka. Da na zo ƙarshen shafi, na ɗora biro zan ja layi biyu a ƙarƙashi, yadda aka koya mana in an rufe lissafi. Kawu ya riƙe mini hannu.

"Me za ka yi?"

"Zan rufe, Kawu."

"Wa ya ce maka an rufe?"

Suka dubi juna da Alhaji suka yi dariya. A shekara ashirin da wani abu da suka yi suna ciniki, ashe ba su taɓa bari lissafinsu ya koma babu ba. Kullum sai an bar wani abu a hannun wani, yau na Kano a Maraɗi, gobe na Maraɗi a Kano. Wanda ya biya ka kaf ya share littafi, sallama yake yi da kai.

Da asuba Alhaji ya raka mu tasha da kansa. Hajiya ta aiko da jarkar man gyaɗa da ƙullin ƙuli-ƙuli a kai wa mahaifiyata. Mai kabu-kabun nan na fada na gani a bakin tasha yana jiran fasinja, ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa. Muka bi ta Ɗan Isa, muka sauka a Magama muka taka da ƙafa, masu kaki suka duba takardu. Wani ya nuna jarkar ya tambayi abin da ke ciki, ya kuma tambaya ko akwai sauran abin da muka ɗauko daga can. Kawu ya ce babu, sai wanda muka baro.